Rasuwar 'Yar Lele, Motar da Yaya Bai Taɓa Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Auta mai kai ƙwai, a madadin Inna da duk mutanen gidanmu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu shagunan da nake sauke wa kaya cewa motata 'Yar Lele ta rasu. Ta cika ranar Talatar makon jiya, da hantsi, a gefen titi, tsakanin gidan mai da rumfar mai faci, da kiret sittin na ƙwai a bayanta. Ko ɗaya bai fashe ba.

Shekararta biyu da wata uku a duniya. Ta rasu saura wata tara garantinta ya ƙare, wato alkawarin da kamfanin da ya sayar mini da ita ya yi, cewa idan injinta ya samu matsala kafin shekara uku, su ne za su sa mata sabo. Shi ma garantin bai daɗe a bayanta ba. Kwana huɗu tsakani ya bi ta.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, kuma sanarwar za ta ɗan yi tsawo. Dalili shi ne, tun ranar da janwe, motar nan mai jan motoci, ya dawo da gawarta ƙofar gida, ake ta yawo da magana a unguwa cewa Yaya ne ya kashe ta. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike, shekararsa ashirin da biyu yana kwana yana tashi a ƙarƙashin motocin mutane, garejinsa na nan a ƙarshen layinmu. Wai ya buɗe ta a ɓoye ya yi mata ɓarna. A kwana biyar ɗin nan mutum uku sun zo sun ɗauke motocinsu daga wurinsa, ɗaya ma ba a gama ɗaura mata birki ba, tura ta suka yi. Yaya mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, kuma da sunansa yake ci. Shi bai ce komai ba. To ni zan ce, amma sai na fara da marigayiyar, don ita ce mai ranar.

Ta zo gidanmu ne bayan an sayar da filin da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa. Yaya ya ce in sayi ta hannu mai lafiya, shi zai zaɓo mini, shi zai riƙa dubawa. Ni kuma raina ya kwanta a kan sabuwa, wadda ba wanda ya taɓa zama a kujerarta. Bai yi musu ba. Ranar ɗaukowa ya sa kayansa masu kyau ya raka ni, ya wanke hannu har sau uku, duk da baƙin da ke cikin zanen tafinsa ba ya fita da sabulu.

A can muka haɗu da mutumin da zan riƙa kira Mai Hatimi, don aikinsa ke nan da na fi sani. Yana da tebur mai sheƙi da murya mai laushi. Ya miƙo mini makulli biyu da wani littafi mai bango shuɗi, ya buɗe ya nuna mini gidaje goma, kowane gida na jiran hatimi ɗaya. Ya ce, "Wannan littafin shi ne ran motarka. Duk sabis, nan za ka kawo ta. Kada ka bari kowa ya taɓa ta, musamman waɗannan na bakin titi, da guduma suke gaisawa da mota." Bai san wanda ke tsaye a gefena ba. Ni na sani, kuma ban ce komai ba.

Da muka fito wurinta, Yaya ya zagaye ta sau ɗaya, yana murmushi kamar an nuna masa jariri. Ya kai hannu zai ɗaga bonet, don kawai ya ga yadda aka tsara cikinta. Sai na riƙe masa hannu. A gaban mutane na riƙe. Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya ce, "To, Auta. Motarka ce." Ya zuba hannayensa biyu a aljihu. Daga ranar, duk sanda zai wuce ta gefen 'Yar Lele, sai ya sa hannu a aljihu tun daga nesa. Shekara biyu da wata uku. Ko jingina da ita bai taɓa yi ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so a sani.

Marigayiya mota ce mai kunya da haƙuri. Ba ta taɓa sa na roƙi kowa turi ba. Da safe murɗawa ɗaya take jira, sai ta ce cirrr, ta sauke numfashi, ta kama dum-dum-dum ɗinta a hankali kamar mai gudun tashin maƙwabta. Ƙofarta ba a buga ta, ka sake ta kawai za ta ce ƙwap. Idan na manta bel, ba ta faɗa, tin, tin, tin kawai za ta yi ta yi har sai na ji kunya. Idan za ta ja da baya tana neman hanya da ɗiit, ɗiit, kuma ko kaza ce a bayanta sai ta jira. Aikin ƙwai ba na mai gaggawa ba ne, ni kuma dama ba ni da ita, sai muka dace. Tana hawa tudun rage gudu kamar tsohuwa mai tsallake kwata, ƙafar gaba tukuna, ta huta, sannan ta baya. Masu babur sun zage mu, masu tifa sun danna mana oda har kunne ya toshe, ba ta taɓa ramawa ba. Duk ranar Alhamis ta farkon wata ita take kai Inna awon jini, kuma Inna ta ce a cikinta ne kawai ba ta jin jiri. Ledar kujerunta har yau tana nan. Ta yage a gefen da nake zama, na liƙe da salatif.

Ni ma, a iya sanina, ban ci amanarta ba. Sau shida na kai ta kamfani, ban taɓa wuce ranar da aka rubuta ba. Duk wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda abin yake. Ka isa da sassafe, wani ya karɓi makulli, ya shimfiɗa takarda a ƙasa don kada ƙafarsa ta ɓata maka mota, ya shiga da ita ta wata babbar ƙofa, ƙofar ta sauko. Shi ke nan rabonka da ita. Kai kuma a kai ka wani ɗaki mai sanyi har cikin ƙashi, da kujeru masu taushi da talabijin da aka kashe wa murya. Akwai taga da ke kallon wurin aikin, amma an manna mata hoton wata mota tana gudu a kan dutse, ba ka ganin komai. Akwai ƙaramar ƙofa, an rubuta a jiki cewa mai mota ba ya wuce nan. Ka zauna daga safe har la'asar, ka sha shayi a kofin takarda. Daga nan a fito maka da ita an wanke ta, tana ƙamshin lemo, Mai Hatimi ya buɗe littafi, ya hura wa hatiminsa iska, ƙwas. Duk sanda na ji wannan ƙwas ɗin sai in ji hankalina ya kwanta. Amma a yau idan aka tara mini maza goma aka ce in nuna hannun da ya taɓa cikin 'Yar Lele, ban san shi ba. Ban taɓa ganin ko inuwarsa ba.

A garejin Yaya kuwa, kujerar tsohuwar bas ce ake zama a kai, a ƙarƙashin rumfar kwano, mota tana gabanka. Idan ya cire filta sai ya miƙo maka ka riƙe, ya ɗebo tsohon mai a yatsa ya ce ka shinshina. Mutane har gajiya suke yi da bayaninsa. Ni nakan wuce ta gaban garejin da 'Yar Lele kullum sau biyu, in ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini sifana.

Ciwon ajalinta ya fara ne washegarin sabis na shida. Na fito da safe na tarar da Yaya tsaye nesa da ita kaɗan, hannu a aljihu, yana kallon ƙasa. Wani kwali ne a ƙarƙashinta. Shi ya tura shi tun jiya da yamma, da ƙafa, saboda ya ga wani ɗan danshi a siminti. Haka yake yi wa duk motar da bai yarda da ita ba, ya bar kwali ya kwana, da safe ya karanta. Ya jawo shi da ƙafa. Ga ɗigon baƙin mai guda ɗaya, bai fi maɓallin riga ba.

Ya ce, "Notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai, ba su ɗaure shi da kyau ba. Juyi ɗaya na sifana ne, Auta. Kafin shayinka ya huce."

Na durƙusa na leƙa. Ga notin, ga kuma ɗigon fenti rawaya a kansa. Haka kamfani yake yi, duk notin da suka ɗaure sai su ɗiga masa fenti, don su gane idan wani ya taɓa bayansu. Na ce, Yaya, akwai fenti. Ya ce, "Fenti za ka hau ko mota?" Na ce garanti ne. Ya ce, "To kada in taɓa. Kai ka kwanta ka ɗaure da hannunka, ni zan tsaya can bakin ƙofa in nuna maka da baki." Na ce ai duk ɗaya ne, fentin ne ba a so a taɓa. Ya ce ko mai in riƙa ƙara mata. Na ce mai ma sai nasu, kuma sai hannunsu.

Na kira kamfani. Aka sa mini kiɗa na daɗe ina ji, sannan wata mata ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai. Ta tambaya ko jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Na ce a'a. Ta ce to ai lafiyarta ƙalau, in kawo ta nan da kwana goma sha tara, kafin nan babu gurbi. Na ce ko in sa a ɗaure notin kafin ranar. Ta ce ita dai ba za ta ba ni wannan shawara ba. Na ce ko in ajiye motar. Ta ce wannan kuma ya rage nawa. Kaji ba su san da kwana goma sha tara ba, kullum sai sun yi ƙwai, shaguna kuma suna jira. Na ci gaba da fita.

Inna ta ce in ji maganar yayana. Na ce, Inna, wannan maganar takarda ce, ba za ki gane ba. Ta ce, "Takardar ce ta koya maka tuƙi?" Yaya ne kuwa ya koya mini, a filin bayan makaranta, da motar wani da aka kawo gyaran kuloci.

Yaya bai sake yi mini magana a kai ba. Kwali kawai yake turawa kullum da yamma, ya jawo da safe, ya rubuta kwanan wata a jiki da biro, ya jingina a bangon zaure. Na farko kamar maɓalli. Na huɗu kamar bakin kofi. Na tara kamar faranti. Kullum sai na wuce ta gabansu kafin in fita, kullum sai in kawar da kai. Ina ƙirga kwanaki, ina cewa ta daure, saura goma, saura tara. A safiyar kwana na goma sha ɗaya na buɗe jakar da Inna take sa mini filas ɗin shayi, na ga sifana a ciki, lamba sha bakwai, an naɗe ta da tsumma. Ban tambayi wanda ya ba ta ba. Na san sifanar, akwai jan salatif a mariƙinta.

A ranar ne ta cika. Na ɗauko kaya daga gidan kaji, mun hau babban titi, sai fitilar nan mai kama da buta ta kama, ja zur. Da ni mai hankali ne da na tsaya a nan. Sai na yi wani lissafi. Na ce ga fitila ta kama, yanzu ba za su ce babu gurbi ba, kamfani kuma bai fi kilomita takwas ba. Bari in kai musu ita da fentinsu a jiki, su gani da idonsu. Na shafa sitiyari na ce ta yi haƙuri.

Ta yi kilomita biyar. Daga nan dum-dum ɗinta ya koma taf-taf-taf, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa. Sai ya koma ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar mai ƙwanƙwasawa da dutse. Sai gum, sau ɗaya. Duk da haka ba ta jefar da ni a tsakiyar titi ba. Ta gangara da sauran gudun da ya rage mata, ta sauka gefe a hankali, ta tsaya daidai inuwar wata bishiya. Na murɗa makulli. Ta ce tak. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Na sauka na kwanta a ƙarƙashinta. Notin ya kwance har ya kusa faɗuwa, yana lilo, sauran man da ke cikinta yana ɗiga a kan rigata. Ban yi tunanin fenti ba, ban yi tunanin littafi ba. Na ga dai bai dace a bar ta haka a buɗe a gefen titi ba, mutane suna wucewa. Na mayar da notin da yatsa, na ɗauko sifanar Yaya na ɗaure shi tam, na goge wurin da tsumman. Juyi ɗaya ne kuwa, kamar yadda ya faɗa. Da na fito, shayina bai huce ba.

Wannan shi ne abu na biyu da nake so a sani. Hannun da ya taɓa notin nan nawa ne. Mai faci shaida ne, yana zaune a kan benci yana kallona.

Janwe ya kai ta kamfani, ƙofar nan ta sauko a bayanta. Kwana huɗu suna bincike. Ranar Asabar Mai Hatimi ya kira ni teburinsa, ya fara yi mini ta'aziyya, har ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce inji ya buga saboda rashin mai, babu abin da za a yi sai sabo. Na ce alhamdulillahi da akwai garanti. Ya yi ɗan tari. Ya ce injiniyoyinsu sun duba notin, sun same shi a ɗaure tam, don haka ba ta nan man ya zube ba, ba laifinsu ba ne. Na ce ai ni na ɗaure shi, bayan ta riga ta cika. Ya ce to shi ya sa suka ga an kankare fenti, wato an taɓa motar a waje. Na ce to idan a kwance na kawo shi fa. Ya ce da sai a binciki wanda ya kwance.

Na fito da kwalayen Yaya, guda goma sha ɗaya, na jera masa a kan tebur bi da bi. Ya ja hannun rigarsa baya don kada ya ɓaci. Ya ce kwali ba hujja ba ne, babu hatimi a jiki.

Sai na ce, ranka ya daɗe, ni fa shekara biyu ina da bakanike a gida, ban bari ko bonet ya ɗaga ba, saboda maganarka. Ya ce wace magana. Na maimaita masa, har da ta guduma. Ya yi murmushi, ya karɓi littafin, ya buɗe shafi na talatin da huɗu, inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwan kifi, ya karanta ya fassara mini. Ashe an yarda mai mota ya yi juyen mai da ƙananan gyare-gyare a kowane gareji, muddin an sa mai irin wanda aka rubuta, kuma an ajiye rasit. Ya ce, "Abin da na gaya maka shawara ce, ba doka ba. Yanzu ina rasit ɗin ɗaurin notin?" Na ce a ƙarƙashin mota nake, ni kaɗai, wa zai ba ni rasit. Ya ce to ka gani.

Yaya yana da littafin rasit. Yana rataye a ƙusa a jikin rumfarsa, har da takardar kwafi a tsakani. Kullum sau biyu nake wuce shi.

Mai Hatimi ya ɗauko wata takarda mai gidaje biyu, ɗaya na cewa kamfani ne ya taɓa mota, ɗaya na cewa bakaniken waje ne. Na ce ni ba bakanike ba ne, ƙwai nake kaiwa. Ya ce babu gidan masu ƙwai. Ya ce ai ka ce akwai bakanike a gidanku. Na ce akwai, amma bai taɓa ta ba. Kafin in rufe baki ya ja layi a gida na biyu. Ya hura wa wani hatimi iska, ja ne wannan, ban taɓa ganinsa ba, ya buga a bangon littafin. Ƙarar iri ɗaya ce da ta sauran. A nan garanti ya cika, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Takardar nan ce aka manna a gilashin gaba. Direban janwe da ya dawo da motar ya karanta, ya tsaya shan shayi a bakin layinmu, ya faɗi abin da ya karanta. Ban ga laifinsa ba, abin da aka rubuta ya faɗa. Daga nan maganar ta tashi. Wanda ya ji ta a wurin mai shayi, ina roƙonsa ya mayar da wannan bayanin nawa wurin mai shayi.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sauran kwana, da ta biyar wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar makulli biyu, ɗaya yana hannun Inna a cikin gwangwanin allura. Ta bar ledar kujera, da jak da ba a taɓa kwancewa daga mazauninsa ba, da littafi mai hatimi shida baƙaƙe da ɗaya ja, da gidaje huɗu da babu kowa a ciki. Ta bar shaguna goma sha huɗu da yanzu nake kai wa ƙwai a keken haya, kiret goma goma, kuma tun da na fara kullum sai an samu fasasshe. Ta bar Inna, wadda awonta ya matso. Ta bar ni.

Muna godiya ga mai faci da ya taya ni sauke kaya a ranar, bai karɓi komai ba sai ƙwai uku. Muna godiya ga mai gidan kaji da bai ba wani layina ba. Muna godiya ga kamfani, da ba su manta da ita ba. Shekaranjiya saƙonsu ya shigo wayata, suna farin cikin tuna mini cewa washegari ne ranar da za a duba motata, in zo da wuri. Jiya kuma wani ya shigo, suna tambaya tauraro nawa zan ba su daga ɗaya zuwa biyar. Ban amsa ba tukuna, ina cikin makoki.

Jiya da rana na je garejin Yaya. Ba aiki, yana zaune a kan kujerar bas yana wanke notuna a cikin gwangwani, waɗanda ba su buƙatar wanki. Na gaishe shi, ya amsa. Na mayar masa da sifanarsa, ya duba bakinta, ya ga rawayan fenti a jiki, bai goge ba, ya ajiye. Sai kawai na ciro makulli na miƙa masa.

Ya ce, "Ka tambayi fenti?"

Na ce, Yaya, ka yi haƙuri.

Ya ce, "Wa ya ce maka ta mutu ma? Wanda bai iya ɗaure noti ba?" Ya ce shi ba ya yi wa mota ta'aziyya sai ya ga cikinta da idonsa, ƙila a samu abin da za a tsira da shi, ƙila kuma a'a, ba zai yi mini alkawari ba don shi ba kamfani ba ne. Ya goge hannu a wandonsa, ya karɓi makullin. Ni dai na bar sanarwar yadda take, don takarda ta ce ta rasu, kuma ba a gyara hali a rana ɗaya.

Za a yi jana'izarta jibi Asabar, da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauke ta daga ƙofar gidanmu zuwa garejin Yaya, da turi, don ba ta taɓa roƙon turi tana da rai ba, ya kamata a yi mata sau ɗaya. Ana buƙatar maza shida. Ina gayyatar mutum ukun nan da suka ɗauke motocinsu, musamman mai birki, tunda an ga ya iya turi. Hanya gangara ce, ni zan riƙe sitiyari, kuma za a bi tudun rage gudu yadda ta saba.

A gareji za a jera kwalaye goma sha ɗaya a jikin bango, kowa ya duba kwanan wata. Daga nan Yaya zai ɗaga bonet a gaban jama'a, karo na farko. Duk mai son leƙawa ya leƙa, babu ƙofa, babu hoto a taga. An tanadi kujera ɗaya a gaba saboda Mai Hatimi, idan ya samu gurbi. Mata za su zauna da Inna a gida. Masu zuwa ta'aziyya don Allah kada su zo da shawara, akwai ta kwana goma sha ɗaya a zaure ban yi amfani da ita ba. Wanda yake da mota mai ƙara ko mai ɗiga, ya zo da ita, za a ba shi rasit.

Yaya ya ce in zo da littafin. Na ce ai an soke shi. Ya ce in dai zo da shi. Shi ba shi da hatimi, amma babban yatsansa ba ya rabuwa da baƙin mai, kuma gida na bakwai babu kowa a ciki.

Mai sanarwa,
Auta, ƙanin bakanike.